Babi na Shida: Kafar Iska Daidai da Bango

Sito mai ɗaukar buhun masara dubu ba ya bukatar taga. Ba wanda zai zauna a ciki yana kallon waje, kuma hasken da ake so yana shigowa da zarar an buɗe ƙofa. Abin da yake bukata shi ne kafar iska: rami a bango, an sa masa firam da fallayen ƙarfe ko na katako a karkace, da raga a bayansu. Wasu kafofin a ƙasa, wasu can sama kusa da kwano, domin iska mai zafi ta tashi ta fice, mai sanyi ta shigo ta maye gurbinta. Masarar da aka zuba a buhu tana ci gaba da numfashi, tana fitar da zafi da laima. Idan danshinta ya wuce kashi 13 cikin ɗari ko kusa da haka, kuma ɗakin a toshe yake, fumfuna ce za ta fara, daga ita sai gubar da ke sa manyan 'yan kasuwa da masu haɗa abincin kaji su ƙi kayan.

A Birnin Gwari wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƙasa ce ta noma, ruwan sama ya fi milimita 1,000 a shekara, kuma masarar Dogon Dawa da Kuyello da Damari da Randagi ta daɗe tana cika motocin da ke bin hanyar Funtua da ta Kaduna. Shekarun 'yan bindiga sun durƙusar da gonaki da kasuwanni da yawa. A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je ya sake buɗe kasuwar shanun garin bayan sulhun da aka ƙulla da 'yan bindigar, manoma kuma suka fara komawa gonakin da suka bari. Inda hatsi ya dawo, maganar wurin ajiya za ta biyo baya, kuma wani zai zana wurin. Yau mai zanen matashi ne da kwamfuta, wataƙila ya fito daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma zai fi yiwuwa ya buɗe AutoCAD ko ArchiCAD ko Revit.

Revit ta fito a shekarar 2000 daga wani ƙaramin kamfani a Amurka, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2002. Bambancinta da AutoCAD, wadda ta riga ta tun 1982, shi ne ba layuka kake ja ba, kaya kake jerawa. Bango ya san shi bango ne, ya san kaurinsa, ƙofa ta san a jikin bango take. Kaya irin su ƙofa da taga kowanne yana cikin nasa fayil da manhajar ke kira iyali, kuma akwai dubbansu a intanet da kamfanoni suka zuba kyauta don a sayi hajarsu. Sai matashin nan ya nemi ragar iska, ya samu guda mai kyan gani, ya ɗora. Matsalar ita ce an yi ta ne don silin ofis mai murabba'in milimita 600, ko don bangon da aka gina da ma'aunin bulon wata ƙasa. Bulonmu na inci tara tsawonsa milimita 450 ne, tsayinsa 225, kaurinsa 225. Magini ba zai sassaƙe bulo don ya dace da kundin kamfanin Turai ba. Zai tsallake bulo biyu a layi biyu, ya bar rami, ya wuce. Don haka ragar ce za ta bi bango, kuma wanda ya ja wadda ya sauke daga intanet ta kusurwa don ta faɗaɗa zai ga ko dai ta ƙi motsi, ko firam ya tafi ya bar fallaye a tsaye a inda suke.

Mafita ita ce mutum ya ƙera tasa. Ana buɗe sabon fayil daga samfurin kayan da ke manne wa bango ko wa fuskar wani abu. Kafin a zana ƙarfe ko ɗaya, ana fara jan layukan jagora, waɗanda ba sa fitowa a takarda: na hagu, na dama, na sama, na ƙasa. A auna daga na hagu zuwa na tsakiya zuwa na dama, a umarci manhajar ta riƙe su daidai wa daida, ta yadda duk faɗaɗawar da za a yi za ta rabu biyu. Sannan a auna daga hagu zuwa dama, a raɗa wa awon suna, Faɗi. A yi haka daga ƙasa zuwa sama, Tsayi. Daga nan awon ya daina zama lamba a kafe, ya koma gurbi da za a iya zuba kowace lamba. Sai yanzu ake zana firam, kuma kowane gefensa a jingina shi da layinsa na jagora, a danna ɗan kwadon da ke bayyana don ya kulle. Masu gaggawa a nan suke faɗuwa. Sukan kulle ƙarfe da ƙarfe maimakon ƙarfe da layi, abin ya yi kyau a girman farko, ranar da aka canza lamba manhajar ta fito da saƙon cewa ta kasa cika sharuɗɗan da aka gindaya mata. Shi ya sa bayan kowane mataki ake gwadawa: a sa faɗi 300, a sa 2,000, a ga me ya karye, kafin a ƙara komai a kai.

Fallayen su ne wurin da aikin ke da daɗi. Ana ƙera falle guda a nasa fayil, da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa da karkatarsa, a shigo da shi cikin fayil ɗin ragar, a ɗaura tsawonsa da faɗin cikin firam. Sai a jera shi daga ƙasa zuwa sama, a mayar da yawan jerin shi ma gurbi, wanda lissafi ne zai cika shi, ba hannu ba.

Bari mu yi lissafin da ainihin lambobi. Ramin ya kasance 900 a 450. A rage milimita 5 a kowane gefe don firam ya shiga ba tare da an ɗauko guduma ba. Firam ɗin ƙarfe ne mai kusurwa na milimita 25. Abin da ya rage a ciki a tsaye shi ne 450, a cire 10, a cire 50, saura 390. Muna son tazarar kusan 50 tsakanin falle da falle. Idan aka raba 390 da 50 za a samu 7.8, kuma ba a yin falle bakwai da ɗigo takwas. Dole a gaya wa manhajar ko ta sauko zuwa 7 ko ta hau zuwa 8. A allon kwamfuta duka biyun suna da kyau, a bango kuwa ba ɗaya ba ne. Falle mai faɗin 75 da aka karkatar digiri 45 yana rufe tsayin milimita 53 ne kawai. Da fallaye 7, tazarar ta zama kusan 56, wato akwai tsaga ta milimita 3 a miƙe tsakanin kowane biyu, wadda ido zai leƙa ta ciki, feshi ma zai bi. Da fallaye 8 tazarar ta koma ƙasa da 49, kowane falle ya ɗan rufe na ƙasansa. Duk wanda ya taɓa ganin hadarin farkon damina ya taso daga gabas a wannan yanki, iska na kora ruwa kusan a kwance, ya san wanne zai zaɓa. A ra'ayina ƙa'idar da za a rubuta a fayil ɗin ita ce kullum a hau sama, kuma a ƙara wani gurbi da zai nuna gargaɗi duk lokacin da tazara ta fi abin da falle ke rufewa. Akwai kuma wani ɗan tarko: kafin fitowar Revit 2025, jeri ba ya yarda ya sauka ƙasa da biyu, don haka ƙaramar raga mai falle ɗaya takan rushe fayil ɗin, sai an rubuta sharaɗin cewa idan lissafi ya ba da ƙasa da biyu a riƙe biyu.

Lamba ta biyu da ya kamata fayil ɗin ya riƙa fitarwa da kansa ita ce sararin da iska ke bi da gaske. Ramin 900 a 450 murabba'in mita 0.4 ne da ɗan ɗoriya. Firam ya ci nasa, saura wajen 0.33. Fallayen da ke karkace sun rage shi zuwa wajen 0.22, ɗan sama da rabin ramin. A ƙara ragar waya a baya, wadda ba makawa, domin ɓera na iya kutsawa ta kafar da ba ta wuce milimita 6 ko 7 ba, ga jemage, ga tsuntsaye. Idan kuma aka sa mai ƙananan idanu irin ta sauro, abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin uku da 'yan kai ba. Wannan ma ranar da aka kafa ta ne. Hunturu guda ya isa ƙura da ƙaiƙayi su toshe rabin idanun ragar. Mai zanen da ya ƙirga ramuka goma ya ce iska ta wadata, a haƙiƙa uku ko huɗu ya ba sito. Saboda haka ragar wayar ta zama a nata firam da ake kwancewa da ƙusa mai zare, a karkaɗe, a mayar. Wanda ya sa aka yi mata walda ta dindindin ya yanke hukuncin cewa ba za a taɓa share ta ba.

Revit tana tambayar mai ƙira game da kowane gurbi: shin na nau'i ne, wanda in an canza shi duk ragogin wannan nau'i a ginin za su canza tare, ko na ɗaiɗaiku ne, kowace raga da nata? Littattafan koyarwa sukan ce faɗi da tsayi su zama na nau'i, domin a can masana'anta ce ke fitar da girma biyar ko shida, gini kuma ya bi. A wurinmu ni akasin haka nake gani, aƙalla ga gini irin wannan. Kaurin ƙarfe, faɗin falle, karkata da irin raga su zama na nau'i. Faɗi da tsayi su zama na ɗaiɗaiku. Dalili kuwa, je ka sa tef a ramuka goma sha biyu da magini ɗaya ya bari a bango ɗaya. Kaurin simintin da ke tsakanin bulo ya bambanta daga layi zuwa layi, bulon kansa ya danganta da injin da ya buga shi, ga filasta da za ta zo ta ci nata. Wannan rami 470, wancan 485, wani kuma hagunsa ya fi damansa. Idan ka yi ƙorafi, amsar da za ka ji ita ce, “Injiniya, ai filasta za ta gyara.” Wani lokaci takan gyara. Amma hanya mafi sauƙi ita ce a jira a gama filasta, a auna kowane rami a wuri uku, a ɗauki mafi ƙanƙanta, a ba kowane rami lamba, a rubuta lambar da gawayi a gefensa, sannan a zuba awon a kwamfuta. Fayil ɗin da aka ƙera da kyau zai sake lissafa fallayen kowace raga cikin ƙiftawar ido.

Wannan hanyar tunani ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kuma Birnin Gwari na da nata gurbi a tarihin. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Labarin baka da masu binciken gine-ginen Hausa suka rubuta yana cewa bayan ya gama aka gayyace shi Birnin Gwari ya gina wani masallacin, kuma a can aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda irinsu ke aiki. Ba su da takardar zane. Suna da taƙi da kamu da gaba, kuma suna da ƙa'ida: azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin rufi a tazarar da ta wuce tsawon gaba guda, wajen mita 1.8. Idan ɗaki ya fi haka faɗi, sai a ɗaura baka, a raba rufin gida-gida, kowane gida bai wuce abin da azara za ta iya ba. A ba gwani kowane fili, yawan bakunan zai fito daga ƙa'idar. Tagoginsu ma ƙanana ne, can sama, kuma sun san bangon gabas shi ke shan dukan ruwa. Matashin da ke rubuta lissafin fallaye irin wannan aikin yake yi, sai dai shi yana ajiye ƙa'idarsa a fayil, su kuwa a kan yaran da suka koya wa.

Sai maganar katako, tunda muna bakin daji. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 kuma ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, ya kai murabba'in kilomita 1,100 da wani abu, yana haɗe da dajin Kuyambana ta ɓangaren Zamfara. Itacen doka ne ya fi yawa a irin wannan daji, ga maje, ga kawo, ga maɗaci a bakin rafuka, ga ƙirya. A cikin gandun sara haramun ne, kuma a 2021 gwamnatin Kaduna ta hana saran itace don katako da gawayi a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, saboda alaƙar da ake zargin sana'ar na da ita da masu ɓuya a dajin. Duk da haka kafinta bai ƙare ba, kuma ragar katako tana da amfaninta: ba ta tsatsa, ba ta ɗaukar zafin rana kamar ƙarfe, kuma ana gyara ta a gari. Sai dai lambobinta daban ne. Fallen ƙarfe kaurinsa bai kai milimita 2 ba, na katako zai kai 15 ko 20, don haka sararin iska zai ragu sosai, ramin kuma dole ya ƙaru. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kuma motsin ta faɗi yake yi, ba ta tsawo ba. Milimita 5 ɗin da aka bari wa ƙarfe ba lallai ta ishe shi ba. Dogon falle yana lanƙwasa, saboda haka a rubuta sharaɗi: idan faɗi ya wuce kaza, sanda ta bayyana a tsakiya. Ga gara, wadda itacen doka bai iya mata ba, ƙirya kuwa ta iya amma tana cinye bakin zarto. Duk wannan ana iya zuba shi a nau'i na biyu cikin fayil guda, mai zane ya zaɓi ƙarfe ko katako daga jeri, sauran lambobin su bi.

Akwai abin da kundin kamfanonin waje ba ya tunawa da shi sam, wato ɓarawo. Ramin 900 a 450 mutum zai shige ta cikinsa, buhu ma zai fita. Fallen ƙarfe mara kauri ƙafa ɗaya ce za ta lanƙwasa shi. Kafofin ƙasa suna bukatar sandunan rodi a bayansu, a binne bakinsu cikin bango, tazararsu ba ta wuce yadda kan yaro ba zai shiga ba. Yawan sandunan ma jeri ne mai lissafi, kuma shi ma sama ake hawa.

Kada a cika wa fayil ɗin kaya. Sito mai raga ashirin, kowace da falle takwas da sanduna da ƙusoshi da idanun waya da aka zana ɗaya bayan ɗaya, zai sa tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta riƙa nishi, ga wuta ba tabbas. Manhajar tana da matakin gani uku. A na nesa, murabba'i kawai ya isa. Fallaye su fito a na kusa. Ragar waya kuwa ba a zana ta, a rubuta ta a bayani. Idan ragar ta na'urar sanyaya ɗaki ce, kamar a ɗakin tiyata ko ɗakin gwaje-gwaje, sai a sa ta a rukunin bakunan iska, a ƙara mata mahaɗin bututu mai faɗi da tsayi da yawan iskar da za ta wuce, don injiniyan na'urori ya iya jona ta. Sito ba ya bukatar wannan.

Ƙarshen tafiyar fayil ɗin shi ne shagon mai walda, a garin ko a kasuwar Panteka ta Kaduna, kuma shi ba Revit zai buɗe ba. Takarda yake so, ko hoto a WhatsApp: lambar rami, faɗi, tsayi, yawan fallaye, tazara, tsawon da za a yanka. Manhajar na iya fitar da wannan jadawali da kanta, amma sai in tun farko an yi guraben a matsayin na tarayya, waɗanda jadawali ke iya karantawa. Wanda ya yi su na cikin gida zai ga jadawalinsa ba faɗi ba tsayi, ya koma kwafa da hannu. Yana da kyau a sa awon da milimita da kuma inci, domin yawancin masu walda da kafintoci da inci suke tunani, a kuma daidaita tazara zuwa lambar da tef zai iya nunawa: 48.75 ba ta da ma'ana ga mai riƙe da alli, a ce 49, bambancin ya tafi a falle na sama. A zana falle guda a yanke, da kibiya mai nuna waje, domin ragar da aka kafa a juye tana tara ruwan sama ne ta zuba wa masara. Tsakanin Kaduna da Birnin Gwari kimanin kilomita 120 ne, ta Buruku da Udawa, hanyar da aka yi shekaru ana bi da rakiyar jami'an tsaro, kuma a ƙarshen 2021 an yi makonni layukan waya a rufe a yankin. Ragar da ta zo ta ƙi shiga rami ba abin da ake cewa a mayar a gyaro kafin la'asar ba ne.

In za a ba abokin aiki fayil ɗin, a tambaye shi shekarar manhajarsa. Abin da aka adana a sabuwar Revit ba ya buɗuwa a tsohuwa, don haka ragar da ake so ofisoshi da yawa su yi amfani da ita gara a ƙera ta a mafi tsufar da ake da ita. Masu ArchiCAD suna yin irin wannan ƙira da harshen manhajarsu, GDL, wanda rubutu ne zalla, FreeCAD kuma kyauta ce ga wanda kuɗin lasisi ya fi ƙarfinsa. Lissafin fallaye da na sararin iska ɗaya ne a dukansu.

Saura murfi. A watan Agusta da Satumba iskar waje, musamman da dare da asuba, ta fi ta cikin sito laima, kuma barin kafofi a buɗe shigo da ruwa ne ga busasshen hatsi. Haka nan ranar da za a sa maganin ƙwari mai hayaƙi, ana so a iya rufe ko'ina. Don haka kowace raga tana bukatar murfi daga ciki, na ƙasa mai sakata, na sama mai igiya ko sanda da mai gadi zai kai daga ƙasa ba tare da tsani ba. A fayil ɗin wannan gurbi ne na e ko a'a, da baka mai nuna inda murfin ke lilo, don mai zane ya ga cewa dole a bar wajen mita guda tsakanin tarin buhuna da bango, in ba haka ba buhu na farko da aka jingina zai danne murfin har zuwa bazara.